Yadda Apple ya hana Flash shiga iPhone

Tun ranar da iPhone ta farko ta shiga kasuwa, 29 ga Yuni 2007, har zuwa ƙarshen 2020 da aka daina tallafa wa Flash gaba ɗaya, kamfanin Apple bai taɓa barin wannan manhaja ta yi aiki a burauzar wayoyinsa ba. Da farko abin ya yi kama da ganganci. A lokacin Flash ce hanyar da yawancin bidiyon intanet ke bi kafin ya isa idon mai kallo. Da ita YouTube ke aiki, da ita gidajen jaridu da na talabijin ke ɗora rahotanninsu, ita ce kuma ke motsa tallace-tallace da dubban ƙananan wasannin da ake bugawa a cikin burauza. Adobe, kamfanin da ya mallake ta, yana iƙirarin cewa tana cikin fiye da kashi 95 cikin 100 na kwamfutocin da ke haɗe da intanet. Masu sharhi da yawa sun ɗauka Apple ne zai gaji ya sauko. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni, Adobe ne ya janye.

Asalin Flash manhajar zane ce. A 1993 Jonathan Gay da Charlie Jackson suka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna FutureWave a birnin San Diego na jihar Kalifoniya, suka fitar da SmartSketch domin kwamfutocin da ake rubutu a allonsu da alƙalami. Kasuwar irin waɗannan kwamfutoci ta mutu tun ba ta yi ƙwari ba, sai suka karkatar da manhajar zuwa zane mai motsi na shafukan intanet, suka sa mata suna FutureSplash Animator a 1996. Sun yi wa Adobe tayin ta, bai saya ba. A Disamba 1996 Macromedia ya sayi kamfanin ɗungurungum, ya gajarta sunan ya koma Flash. Rashin nauyi ne ya ba ta farin jini. Maimakon ta adana hoto ɗigo bayan ɗigo, lissafin layuka da lanƙwasa da launi take adanawa, kwamfutar mai kallo ta zana da kanta, saboda haka zane mai motsi da sauti kan sauka da wuri ko a intanet na layin tarho. A 2000 aka ƙara mata harshen rubuta umarni, ActionScript, ta zama abin da ake gina wasanni da shafuka sukutum da shi.

Bidiyo ya shigo a 2002. Kafin nan kallon bidiyo a intanet wahala ce: wannan shafi yana neman RealPlayer, wancan QuickTime na Apple, wani kuma Windows Media Player na Microsoft, kowanne da irin fayil ɗinsa, kuma sau da yawa bayan dogon jira sai saƙon kuskure ya fito. Ita kuwa Flash ta riga ta zauna a kusan kowace burauza, don haka mai shafi na iya saka bidiyo a tsakiyar rubutunsa, mai kallo ya danna ya kalla nan take. A kan wannan aka gina YouTube a 2005. A shekarar ce kuma Adobe ya sayi Macromedia da hannun jari na kimanin dala biliyan 3.4, abin da ya raina shekara goma baya ya dawo hannunsa da tsada.

Akwai abu ɗaya da sai an gane shi rikicin ke fitowa fili. Flash kwano ce, tuwon daban yake. Bidiyon da ke cikinta an matse shi ne da wata dabara ta rage girman fayil: da farko Sorenson Spark, daga 2005 VP6 ta kamfanin On2, daga ƙarshen 2007 kuma H.264, dabarar da ake amfani da ita a faifan Blu-ray da tashoshin talabijin na dijital da yawa. Duk na'urar da ta iya warware H.264 za ta iya nuna bidiyon da aka matse da ita ba tare da Flash ba, muddin mai shafin ya yarda ya miƙa shi kai tsaye. Cacar Apple ita ce, in wayoyinsa suka yi yawa a hannun mutane, masu shafuka za su yarda.

Tsakanin kamfanonin biyu akwai tsohuwar zumunta, akwai kuma tsohuwar jiƙaƙƙiya. John Warnock da Charles Geschke sun kafa Adobe a 1982, kuma Apple ne babban abokin cinikinsu na farko. Harshen PostScript na Adobe ne ke cikin LaserWriter, na'urar buga takardu da Apple ya fitar a 1985, har Apple ya sayi kusan kashi 20 cikin 100 na hannun jarin Adobe. Amma a shekarun 1990, da Apple ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, Adobe ya bi kasuwa ya mai da hankali kan Windows. Walter Isaacson, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Steve Jobs, ya ruwaito cewa a 1999 Jobs ya nemi Adobe ya yi wa sababbin kwamfutocin Mac manhajarsa ta tace bidiyo, Premiere, Adobe ya ƙi, yana ganin masu Mac sun yi kaɗan. Jobs bai manta ba. Darasin da ya ce ya ɗauka shi ne kada Apple ya ƙara shiga sana'ar da ba shi ke riƙe da na'ura da manhajarta duka ba.

Ranar 9 ga Janairu 2007 Jobs ya gabatar da iPhone a San Francisco, yana alfahari da cewa burauzarta, Safari, tana nuna shafukan intanet na ainihi, ba guntayen shafukan da aka rage domin wayoyi ba. Sai dai duk inda shafi ke da Flash, gurbin kan fito wayam. Akwai uzuri na zahiri. Ma'ajiyar aikin wayar megabait 128 ce kacal, ƙwaƙwalwarta na gudu a kan megahaz 412, ga ɗan ƙaramin batir, alhali Flash ta saba da kwamfutar tebur mai jone da lantarki, mai fanka tana sanyaya ta. Apple bai tsaya a kan uzuri ba. Ya daidaita da Google, wanda ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, kuma shugabansa Eric Schmidt ke cikin hukumar daraktocin Apple a lokacin, aka fara sake matse bidiyoyin YouTube da H.264. Wayar ta fito da manhajar YouTube a allonta na gaba, da bidiyo kimanin 10,000, sauran suna biyowa a hankali. Tun ranar farko ke nan shafin da ya fi kowane tara bidiyo yana aiki a iPhone, abin da ya rage zafin rashin Flash ƙwarai.

A Maris 2008, a taron masu hannun jari, Jobs ya yi bayani a fili. Ya ce Flash ta kwamfuta ta yi wa iPhone nauyi, ƙaramar da ake sa wa wayoyi, Flash Lite, ba ta iya buɗe shafukan intanet yadda ya kamata, ta tsakiyar da ake buƙata kuma babu ita. Wannan magana ta bar ƙofa a ɗan buɗe, kuma Adobe ya ɗauke ta a haka. Shugabansa Shantanu Narayen ya ce za su yi Flash ta iPhone, kafin kamfanin ya gyara zancen ya ce hakan ba zai yiwu ba sai da haɗin kan Apple. A Agusta na shekarar hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta hana nuna wani tallan iPhone da ke cewa dukkan sassan intanet na cikin wayar, hujjarta ita ce wayar ba ta buɗe Flash da Java.

Buɗe App Store a Yuli 2008 ya sauya yanayin gardamar. Daga lokacin kowa na iya rubuta manhaja domin iPhone, amma a wancan zamani sai ta bi ta kasuwar Apple, Apple ya tantance ta, ya kuma ɗauki kashi 30 cikin 100 na kuɗin sayarwa. Ƙa'idojin sun hana manhaja ta sauko da wasu umarni daga waje ta aiwatar da su, wanda shi ne ainihin aikin Flash, kuma a lokacin Safari ta waya ba ta karɓar kowane irin ƙari daga wani kamfani. Sai Adobe ya nemi zagaye. A Oktoba 2009 ya sanar da cewa sabuwar manhajarsa ta ƙira, Flash Professional CS5, za ta zo da wata dabara mai juya aikin da aka yi da Flash ya koma cikakkiyar manhajar iPhone, wadda za a iya kai wa App Store kamar kowace. Ga ɗimbin masu zane da masu wasannin da suka ƙware a ActionScript, wannan babban albishir ne.

Ranar 27 ga Janairu 2010 Jobs ya zauna a kan kujera a gaban 'yan jarida yana nuna iPad. Da ya buɗe shafin jaridar New York Times, sai ga ɗan shuɗin tambarin nan da ke nuna akwai abin da burauza ta kasa buɗewa, a tsakiyar babban allo, duniya na kallo. Uzurin ƙanƙantar waya bai isa a nan ba, domin iPad na'ura ce mai allon inci 9.7 da aka yi musamman don karatu da kallo. Kafin ta shiga kasuwa ranar 3 ga Afrilu, manyan shafuka irin su CNN da Reuters da Vimeo da ita kanta New York Times sun shirya hanyar nuna bidiyo ba Flash, Apple ya jera sunayensu a shafinsa. Masu shafuka sun fara yarda.

Kwana biyar bayan fitowar iPad, ranar 8 ga Afrilu, Apple ya sauya sashe na 3.3.1 na yarjejeniyar da masu rubuta manhaja ke sa wa hannu. Sabon sharaɗin ya ce dole ne a rubuta manhajar iPhone tun asali da harshen Objective-C ko C ko C++, ko JavaScript da injin burauzar Apple ke aiwatarwa, kuma an haramta wadda aka juyo ta wata dabarar fassara. Ba a ambaci sunan Adobe ba, amma kwana huɗu ne suka rage a ƙaddamar da CS5. Ran ma'aikatan Adobe ya ɓaci, har ɗaya daga cikin masu tallata Flash ya zagi Apple a bainar jama'a. Kafin ƙarshen watan kamfanin ya ce ya daina zuba kuɗi a dabarar, zai mai da hankali kan Android.

Ranar 29 ga Afrilu 2010 wata doguwar wasiƙa mai suna Thoughts on Flash ta bayyana a shafin Apple, ɗauke da sa hannun Jobs, mutumin da ba kasafai yake rubuta wa jama'a ba. Hujja shida ya kawo. Ya fara da juya wa Adobe zargin rufe ƙofa da yake yi wa Apple: Flash mallakin kamfani ɗaya ce, shi ke yanke farashinta da makomarta, alhali HTML5 da CSS da JavaScript ƙa'idoji ne na bai-ɗaya. Ga iƙirarin Adobe cewa kashi 75 cikin 100 na bidiyon intanet na cikin Flash, ya amsa cewa kusan dukkansa akwai shi a H.264, kuma YouTube kaɗai na ɗauke da kimanin kashi 40. Ya ambaci rahoton kamfanin tsaro na Symantec da ya sa Flash cikin manhajojin da suka fi yawan ɓaraka a 2009, ya ce ita ce kan gaba wajen sa kwamfutocin Mac su sandare. Ya tuna cewa Adobe ya yi alkawarin Flash ta waya a farkon 2009, ya ɗaga zuwa rabi na biyu na shekarar, ya sake ɗagawa zuwa 2010, har lokacin kuma ba a gan ta tana aiki da kyau a kowace waya ba.

Hujjar batir ce ta fi saurin shiga kunnen mai waya. A cikin iPhone akwai ɗan sashe da aka ƙera don warware H.264 kaɗai, kuma yana yin aikin da wuta kaɗan. Bidiyon da aka matse da tsofaffin dabarun Flash kuwa sai babbar ƙwaƙwalwar wayar ta warware shi da lissafi, ta yi zafi, ta sha batir. Jobs ya ba da alƙaluma: har awa 10 na kallo ta hanyar farko, ƙasa da awa 5 ta hanya ta biyu. Sai batun taɓa allo. Shafukan Flash da yawa an gina su ne a kan linzamin kwamfuta, inda jerin zaɓi kan buɗe da zarar kibiya ta bi ta kansa, ko ba a danna ba. Yatsa ba shi da wannan hali, ko dai ya taɓa ko bai taɓa ba. In har sai an sake gina shafukan, in ji shi, gara a gina su da sababbin ƙa'idoji.

Ta shida ce ya kira mafi muhimmanci, kuma ba ta shafi bidiyo ba ko kaɗan. Ya ce in wani kamfani ya shiga tsakanin Apple da masu rubuta manhaja, to duk sabon abin da Apple ya ƙara wa wayarsa ba zai isa ga jama'a ba sai ranar da wancan kamfani ya ga dama. Dabarar da ke fitar da manhaja ɗaya domin kowace irin waya kuma ba ta amfani sai da abin da dukkan wayoyin suka yi tarayya a kai. Ya kafa shaida da Adobe kansa, wanda sai a CS5 ya kammala komawa sabon tsarin Mac OS X, kusan shekara goma bayan fitowarsa.

A ranar da wasiƙar ta fito Narayen ya mayar da martani a hira da jaridar Wall Street Journal. Ya ce hujjojin fasahar hayaƙi ne da aka tayar don a rufe ainihin manufa, maganar batir ba gaskiya ba ce, in kuma Mac na sandarewa to a duba babbar manhajar Apple. Yana da ɗan abin kamawa: sai a farkon 2010 Apple ya ba kamfanonin waje damar amfani da sashen warware bidiyo na kwamfutocin Mac, damar da Flash ta riga ta samu a Windows. A tsakiyar Mayu Adobe ya sayi shafuka a manyan jaridu yana cewa yana ƙaunar Apple, abin da ba ya ƙauna shi ne a hana mutane zaɓi, Warnock da Geschke kuma suka fitar da tasu wasiƙar. Masu fafutukar manhaja mai 'yanci ba su goyi bayan kowa ba. A ganinsu kamfanin da ba ya barin a saka komai a wayarsa sai da izininsa ba shi da bakin yi wa wani wa'azin buɗe ƙofa, kuma H.264 da Jobs ke yabo tana ƙarƙashin haƙƙin ƙirƙira na tarin kamfanoni, Apple na cikinsu.

Idan aka auna, yawancin abin da Jobs ya faɗa game da nauyi da batir da tsaro ya tabbata daga baya. Scott Forstall, wanda ya jagoranci manhajar iPhone a wancan zamani, ya ba da shaida a shari'ar Epic Games da Apple, wadda aka yi a 2021, cewa Apple ya taimaka wa Adobe gwada Flash a iPhone, sakamakon ya zama abin kunya. Amma ingancin hujja bai hana ta zama mai amfani ga mai kawo ta ba. An yi ta cewa Apple na tsare kashi 30 ɗinsa ne daga wasannin Flash na kyauta, sai dai a lokacin kamfanin kansa na cewa App Store da ƙyar yake mayar da kuɗin da ake kashe masa. Ribar na wajen sayar da na'ura. Abin da ke sa mutum ya biya kuɗin iPhone shi ne manhajojin da ba zai samu irinsu a wata waya ba, kuma da Flash ta zama hanyar rubuta manhaja sau ɗaya ta hau kowace waya, da wannan fifiko ya zube, ikon kuma ya koma hannun Adobe.

Rikici biyu ne aka cuɗa wuri ɗaya, kuma ba su ƙare iri ɗaya ba. A kan sashe na 3.3.1 Apple ne ya ja da baya. Rahotanni sun nuna hukumomin hana babakere na Amurka sun fara duba lamarin, Hukumar Tarayyar Turai ma ta buɗe binciken share fage. Ranar 9 ga Satumba 2010, wata biyar da kafa sharaɗin, Apple ya soke shi, ya ce kowa na iya amfani da kayan aikin da ya ga dama muddin manhajar ba ta sauko da umarni daga waje ba. Adobe ya farfaɗo da dabararsa, kuma wasannin da aka ƙera da Flash, irin su Machinarium, suka shiga App Store suka yi kasuwa. A kan burauza kuwa Apple ya ƙeƙasa ƙasa. A Oktoba na shekarar ma ya fara sayar da MacBook Air ba tare da an ɗora mata Flash ba.

Gwajin gaskiya ya faru ne a wajen abokan hamayya. Google ya rungumi Flash, ya saka ta cikin burauzar Chrome, kuma a Yuni 2010 Flash Player 10.1 ta fito domin Android 2.2. Kamfanonin waya suka mai da ita abin talla, musamman masu ƙera kwamfutocin hannu da ke son karawa da iPad, kamar BlackBerry PlayBook. Motorola Xoom, da aka tallata da Flash, ta shiga kasuwa a Fabrairu 2011 ba tare da ita ba, sai bayan makonni ta iso. A inda ta yi aiki, masu gwaji sun riƙa kokawa da tsinkewar hoto da nauyin shafi da maɓallan da suka yi wa yatsa ƙanƙanta. Wasu masu bidiyon, kamar Hulu, sun toshe wayoyi da gangan saboda yarjejeniyar haƙƙin nuni, ko da Flash ko babu. Adobe kuma ya tarar da kansa yana daidaita manhaja ɗaya da ɗimbin wayoyi masu kayan ciki daban-daban, aikin da ba ya ƙarewa.

Jobs ya rasu ranar 5 ga Oktoba 2011. Ranar 9 ga Nuwamba Adobe ya sanar da cewa ya daina haɓaka Flash domin burauzar waya, yana mai cewa HTML5 ce ta samu karɓuwa a dukkan manyan wayoyi, a wasu ma ita kaɗai ce. A makon ne ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 750. Mike Chambers, ɗaya daga cikin jagororin Flash a kamfanin, ya bayyana dalili ba ɓoye-ɓoye: tunda Apple ba zai taɓa karɓa ba, Flash ba za ta zama ruwan dare a wayoyi yadda ta zama a kwamfuta ba, kuma mai shafi da dole ya yi HTML5 domin iPhone ba shi da dalilin yin aiki biyu. Daga 15 ga Agusta 2012 aka daina ba sababbin wayoyin Android damar sauke ta.

Abin da ya gaje ta bai zo cikin lumana ba. Apple da Mozilla da Opera ne suka kafa ƙungiyar WHATWG a 2004, inda aka fara tsara HTML5, kuma Opera ne ya kawo shawarar a 2007 cewa burauza ta riƙa nuna bidiyo da kanta. An amince da wannan, aka kasa amincewa da dabarar matsewa. Mozilla da Opera suna son Theora, wadda ba a biyan lasisi a kanta, Apple ya ƙi, har a 2009 aka cire batun daga daftarin. Google ya sayi On2, ya saki dabararsa ta VP8 kyauta da sunan WebM a Mayu 2010, a Janairu 2011 ma ya ce zai cire H.264 daga Chrome, amma bai cire ba. Wayoyi ne suka raba gardamar, domin kusan kowace na ɗauke da sashen warware H.264. Mozilla ya sassauta, musamman bayan Cisco ya ɗauki nauyin kuɗin lasisi a 2013, aka kuma tabbatar da HTML5 a matsayin ƙa'ida a Oktoba 2014. Ita kuwa WebM, fiye da shekara goma ta yi tana jira kafin Safari ta buɗe ta.

Ga miliyoyin mutanen da suka fara shiga intanet ta waya, a Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka da Asiya, Flash ba ta taɓa zama abin dogaro ba. Opera Mini, burauzar da ta yi tashe a ƙananan wayoyin Nokia, ba ta buɗe ta, bidiyon da ke yawo daga waya zuwa waya kuma galibi na tsarin 3GP ne. Komawar manyan shafuka ga bidiyon da burauza ke nunawa da kanta na cikin abin da ya sa, da wayoyin Android masu araha suka cika kasuwa, kallo ya zama dannawa kawai.

A kwamfuta mutuwar ta ɗauki lokaci, domin Flash na yin wasu ayyuka da HTML5 ta farko ba ta iya ba: kulle fim don kada a kwafa, saka talla a tsakiya, da rage ingancin hoto in intanet ya yi rauni. Sai da aka cike waɗannan giɓi YouTube ya mai da HTML5 zaɓinsa na farko, a Janairu 2015. Tsaro ne ya ƙarasa sauran. A Yuli 2015 aka yi wa kamfanin Hacking Team na Italiya kutse, aka fallasa ɓarakokin Flash da yake amfani da su a kayan leƙen asirin da yake sayar wa gwamnatoci, masu laifi suka ɗauka cikin kwanaki. Mozilla ya toshe ta na ɗan lokaci a Firefox, shugaban tsaron Facebook na lokacin, Alex Stamos, ya nemi Adobe ya sa ranar kashe ta. Ranar 25 ga Yuli 2017 Adobe ya sa ranar, tare da Apple da Google da Microsoft da Mozilla da Facebook. Tallafi ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2020, daga 12 ga Janairu 2021 kuma manhajar ta daina buɗe komai.

Bidiyo bai yi asara ba, tunda sake matse shi ba wuya. Asarar ta faɗa kan wasanni da zane mai motsi na fiye da shekara ashirin, waɗanda yawancinsu ɗaiɗaikun mutane ne suka yi su suka ɗora a shafuka irin su Newgrounds, kuma ba mai sake rubuta su. FarmVille na asali, wasan da ya taɓa mamaye Facebook, an rufe shi ranar da tallafin Flash ya ƙare. Masu aikin sa kai sun fara tattara abin da za su iya a shirin Flashpoint tun 2018, wasu kuma suka rubuta Ruffle, manhajar da ke kwaikwayon Flash a cikin burauzar zamani, wadda Internet Archive ya fara amfani da ita a Nuwamba 2020. Wasu hukumomi ranar ta riske su ba shiri. Hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu, da wasu takardunta na cikewa ke dogara da Flash, sai da ta fitar da burauzarta ta musamman a Janairu 2021 domin masu biyan haraji su ci gaba da aiki. A ƙasar Sin wani kamfani na cikin gida ya ci gaba da rarraba nau'in Flash da izinin Adobe, kamfanin Harman na Samsung kuma ya karɓi aikin tallafa wa ma'aikatun da har yanzu ke da tsofaffin tsare-tsare, bisa biyan kuɗi.